Tashin jirgin gwaji ba shi ne nasara ba: amsa ga injiniyan da aka zabge wa kuɗin bincike

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aiki a wata cibiyar gwamnati da ke binciken ƙirar jiragen sama, a sashen gwada ƙarfi da juriyar kayan ƙira. A kasafin bana an zabge kuɗin sashenmu an mayar da shi kan wani shiri na ƙera jirgin fasinja "na gida", an kuma ce dole samfurin gwaji ya tashi cikin shekara biyu. Na'urar gwada gajiyar ƙarfe da muka daɗe muna jira an soke sayenta. Da na yi magana a taro sai aka ce ba ni da kishin ƙasa, wai mu masu bincike cin kuɗi kawai muke yi, ba a taɓa ganin abin da muka ƙera ya tashi ba. Abin yana hana ni barci, domin na san gwaje-gwajen da za a tsallake, kuma ɗan Adam ne zai zauna a kujerar matuƙi. Shin ni ne ban fahimci yadda ƙasashe ke gina wannan masana'anta ba? Ko kuwa kuɗin gwamnati a wannan fage asara ne tun asali, gara a bar wa 'yan kasuwa?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Damuwarka tana bisa hujja, kuma ba kai ne ka kasa fahimta ba. Bari in fara da tambayarka ta biyu don ita ce mai sauƙi, sannan in zauna kan ta farko, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Babu ƙasar da ta gina masana'antar jiragen fasinja da kuɗin 'yan kasuwa zalla. Amurka, wadda ake kafa misali da ita wajen barin kasuwa ta yi halinta, ta kafa hukumar binciken jiragen sama ta NACA tun 1915 da kasafin dala 5,000 a shekara. Wannan hukuma ce ta gina ramukan gwajin iska a Langley, ta fitar da murfin inji da ya rage jan iska a ƙarshen shekarun 1920, ta kuma wallafa jerin siffofin fiffike da kamfanoni suka ɗauka kyauta. A 1958 aka narkar da ita cikin NASA. A Turai, gwamnatocin Faransa da Jamus ne suka tsaya wa Airbus aka kafa shi a 1970, daga baya Sifen da Birtaniya suka shigo. Da Amurka da Tarayyar Turai suka kai ƙarar juna gaban Hukumar Ciniki ta Duniya a 2004, shari'ar ta ci shekara 17, kuma hukuncin ya nuna kowa ya sha tallafi: Airbus ta hanyar rancen ƙaddamar da sabon jirgi, Boeing ta hanyar kwangilolin bincike na NASA da ma'aikatar tsaro da kuma rangwamen haraji. An ba Amurka izinin ɗora harajin ramuwa kan kayan da suka kai dala biliyan 7.5 a 2019, aka ba Tarayyar Turai na kusan dala biliyan 4 a 2020, kafin su yi sulhu a 2021.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Binciken da za a ci moriyarsa bayan shekara 15 ko 20 babu mai hannun jarin da zai yi haƙurin jiransa, kuma idan ya yi nasara maƙwabcinsa ma zai amfana ba tare da ya biya ko sisi ba. Richard Whitcomb, injiniyan NASA, ya wallafa aikinsa kan ɗan lanƙwason bakin fiffike a 1976, aka gwada shi a jirgin KC-135 a 1979, sai a ƙarshen shekarun 1980 ya bayyana a manyan jiragen fasinja irin su 747-400. Yau kowane kamfani yana rage shan mai da shi. Ramin gwajin iska na Turai da ke birnin Kolon, wanda ake sanyaya shi da ruwan naitirojin, ƙasashe huɗu ne suka haɗa kuɗin gina shi: Jamus da Faransa da Birtaniya da Holan. To kuɗin gwamnati dole ne. Abin tambaya shi ne me ake saya da shi.

A nan ne matsalarka take, kuma a nan ne nake cin karo da kuskuren fahimtar da ya fi kowane hatsari a wannan sana'a: zaton cewa idan jirgi ya tashi, an ƙera jirgi. Ina jin wannan magana daga bakin 'yan siyasa, daga 'yan jarida, daga masu riƙe da lalitar gwamnati, wani lokaci har daga injiniyoyin da ya kamata su fi kowa sani. Ana nuna hoton jirgi ya ɗaga hanci daga titi, jama'a na tafi, sai a ce an shiga sahun ƙasashe masu ƙera jirage. Wallahi ba a shiga ba. Ko ƙofar ba a kai ba.

Sa abu ya tashi sama tsohon ilimi ne. Tun 1903 aka yi shi. Duk ƙungiyar injiniyoyi masu ƙwazo da aka ba inji mai kyau da isassun kuɗi za su iya haɗa abin da zai tashi ya zaga fili ya sauka lafiya a ranar da iska ke kwance. Abin da fasinja yake biya ba wannan ba ne. Yana biyan tabbacin cewa jirgin zai tashi sau dubbai, cikin zafi da ƙanƙara da guguwa, bayan shekara 20 yana aiki, a hannun matuƙin da ya gaji da makanikin da ba shi ne ya zana shi ba, kuma ya sauka. Tashin farko ba ya ba da wannan tabbaci ko kaɗan. Abin da ke ba da shi yana cikin irin ɗakin da kake aiki.

Kai da kake sashen gajiyar ƙarfe ba sai na koya maka labarin Comet ba, amma masu zabge maka kuɗi suna bukatar ji. Jirgin de Havilland Comet na Birtaniya shi ne jirgin fasinja mai injin jet na farko da ya fara aiki, a watan Mayun 1952. Ya tashi, ya samu takardar shaidar cancantar tashi, ya ɗauki fasinjoji, duniya ta yaba. A watan Janairun 1954 ɗaya ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35 suka mutu. Aka yi gyare-gyare bisa zato aka mayar da jiragen aiki. A watan Afrilu wani ya tarwatse kusa da Napoli, mutum 21 suka tafi. Wa ya gano dalili? Cibiyar binciken gwamnati da ke Farnborough. Sun nutsa gangar jirgi sukutum a cikin ƙaton tankin ruwa, suna ƙara matsi suna saukewa dare da rana, kamar jirgin yana hawa yana sauka. Da jimillar zagayen ta kai kusan 3,000 sai gangar ta tsage daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikinta. Wannan tanki bai taɓa tashi sama ba. Babu wanda ya yi masa tafi. Amma duk wanda ya shiga jirgin jet tun daga lokacin yana cin albarkacinsa. Na'urar da aka soke muku jikar wannan tanki ce.

Ka duba abin da ake nema kafin a ba jirgin fasinja takardar shaidar samfuri. Fiffike sai ya ɗauki nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake tsammanin zai gamu da shi sau ɗaya da rabi, na aƙalla daƙiƙa 3, bai karye ba. Lokacin gwajin Boeing 777 an ci gaba da lanƙwasa fiffiken har ya karye a kashi 154 cikin 100, kuma karyewar a daidai wurin ita ce shaidar cewa lissafin masu zane gaskiya ne. Ana harba tsuntsu a gilashin matuƙi da cikin inji. Ana tsinke ruwan fankar inji da gangan yana tsaka da gudu, don a ga ko murfin zai riƙe tarkacen. Ana neman a fitar da duk mutanen ciki cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi a rufe: a gwajin A380 a Hambug a 2006 mutum 873 suka fita cikin daƙiƙa 78. Duk wata matsalar na'ura da za ta iya halaka jirgi sai an nuna da lissafi da gwaji cewa yiwuwarta ba ta wuce kusan sau ɗaya cikin awa biliyan ɗaya na tashi ba. Kowane layi na manhajar da ke tuƙi sai an bi sawunsa zuwa buƙatar da ta haife shi. Airbus, da duk gogewarsa, sai da ya sa jiragen gwaji 5 suka yi awa sama da 2,500 a sama tsakanin tashin farko na A350 a watan Yunin 2013 da samun takardarsa a Satumban 2014. Wannan kamfani ne da ya shekara 40 yana wannan aiki, yana da ɗakunan gwajinsa, yana da mutanen da suka san yaren hukumomin ba da shaida.

Yanzu ka dubi waɗanda suka zo ba tare da wannan tushe ba, kuma ba ƙananan ƙasashe nake nufi ba. Japan tana ƙera fukafukan Boeing 787, ba wanda zai ce ba ta iya aikin hannu ba. Mitsubishi ya ƙaddamar da jirginsa na fasinja a 2008 da tallafin gwamnati na kimanin yen biliyan 50, da niyyar miƙa na farko a 2013. Jirgin ya tashi a 2015, kyakkyawan tashi kuwa. Daga nan aka shiga ɗage ranar miƙawa har sau 6. An gano cewa sai an sake tsarin wayoyi da wuraren da aka dasa wasu na'urori domin su cika sharuɗɗan shaida, abin da ya kamata a ce an sani tun ana kan takarda. A watan Fabrairun 2023 aka rufe shirin, bayan an kashe abin da ya kai kusan yen tiriliyan 1, ba tare da jirgin ya ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Me ya faru? Tun da aka daina ƙera jirgin fasinjarta YS-11 a farkon shekarun 1970, ƙasar ta shafe shekaru kusan 40 ba ta bi da cikakken jirgin fasinja ta hanyar neman shaida ba. Mutanen da suka san wannan aiki sun yi ritaya, a kamfani da kuma a hukuma. Kuɗi bai iya dawo da su ba.

Indonesiya ma darasi ce mai ciwo. Jirgin N-250 na B. J. Habibie, injiniya kuma ministan bincike da fasaha na ƙasar a lokacin, ya tashi ranar 10 ga Agustan 1995, ƙasa ta ɗauki murna, kuma jirgin ba na wasa ba ne, injiniyoyi na gaske suka yi shi. Amma kafin a kai ga takarda rikicin tattalin arzikin Asiya ya faɗo, a 1998 aka yanke tallafin gwamnati bisa sharaɗin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Samfurin farko yanzu yana gidan tarihi, ƙwararru da yawa kuma sun watse zuwa kamfanonin ƙetare. Ita kuwa Sin, wadda aljihunta ya fi na kowa zurfi a wannan fage, ƙaramin jirginta ARJ21 ya tashi a 2008, bai samu takarda ba sai ƙarshen 2014, bai fara ɗaukar fasinja ba sai 2016. Babban jirginta C919 ya tashi a 2017, ya fara aiki a 2023, shekara 15 bayan kafa kamfanin COMAC da ya ƙera shi, kuma da injin kamfanin CFM na Amurka da Faransa yake tashi. Idan wani ya ce maka shekara biyu, ka tambaye shi wace ƙasa ce ta taɓa yi.

Ko an samu takardar ma ba a gama ba. Kamfanin sufuri ba ya sayen jirgi sai ya san inda zai samu kayan gyara cikin awoyi, inda zai horar da matuƙa, bankin da zai ba shi rance a kansa, da wanda zai saye shi hannu na biyu. Bombardier na Kanada ya ƙera CSeries, jirgi mai kyau ƙwarai, ya samu takarda, gwamnatin lardin Kebek ta zuba dala biliyan 1 don ceto shirin, duk da haka a 2018 sai da Airbus ya karɓi ragamarsa ya sauya masa suna zuwa A220.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda wannan gurguwar fahimta ta buɗe kasuwa ga dillalai. Za ka ga mutum ya zo da kyakkyawan zane a allon kwamfuta da sunan wani kamfanin ƙetare da ba wanda ya san shi, ya ce a ba shi kuɗi zai kawo "fasahar ƙera jirgi". Abin da zai kawo kayan haɗi ne a cikin akwatuna, a ɗaure su da kusoshi, a shafa fenti, a kira 'yan jarida. Ba bayanan zane, ba lissafin nauyi, ba izinin sauya ko da ƙusa ɗaya. Wannan ciniki ne, ba bincike ba ne, kuma a kira shi da sunansa. Haka nan masu yaɗa jita-jitar cewa akwai wani haziƙi da ya ƙera jirgi a bayan gida amma "manya" sun danne shi don hassada. Ina girmama duk matashin da ya haɗa abu da hannunsa, irinsa ake nema a wannan sana'a. Taimakon da ya cancanta shi ne gurbin karatu da ɗakin gwaji da malami. Wanda ya zuga shi ya hau abin da ba a auna ba, neman ransa yake yi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya.

Sai kuma tsarin ofis. Aikin da ke cin shekara 15 ana ɗaure shi da kasafin wata 12. Kuɗi ya fito a makare, a ce a kashe kafin ƙarshen shekara ko a mayar. Ana iya amincewa da gina katafaren ɗaki, amma kuɗin daidaita na'urorin awo, ko albashin ƙwararren da zai kula da su, sai a ce ba ya cikin tsari. Jami'in da ke tantance aiki yana son abin da zai ɗauki hotonsa ya sa a rahoto, kuma jadawalin yadda tsaga ke girma a jikin alminiyam ba ya kyau a hoto. Da haka ake wayar gari ana ba da lada ga abin da ake gani, ana hukunta abin da ke kare rai. Idan aka haɗa wannan da wa'adin siyasa, inda ake son jirgi ya tashi kafin wani ya sauka daga kujera, to matsin zai gangaro har kan teburinka. Za a ce ka rage yawan samfuran da kake gwadawa. Za a ce lissafin kwamfuta ya isa, ba sai an karya komai ba. Za a ce a tashi tukuna, a ƙarasa gwaji daga baya. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata, kuma a sana'armu ƙarshensa makabarta.

Kada wani ya ce maka wannan tsoro ne na ƙasashen da ba su ci gaba ba. Boeing 737 MAX ya fito daga ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fi daɗewa a harkar, ƙarƙashin hukumar da duniya ke koyi da ita. Gaggawar tarar abokin gasa, da dogaro da na'urar awo guda ɗaya tak wajen sarrafa manhajar da ke tura hancin jirgi ƙasa, da miƙa wa kamfani wani kaso na aikin duba kansa, su suka haɗu. Jirgin Lion Air ya faɗi a Oktoban 2018 da mutum 189, na Habasha ya faɗi a Maris ɗin 2019 da mutum 157. Rai 346. Idan gaggawa ta iya yi wa waɗannan haka, me kake zato za ta yi wa shirin da ya fara da soke na'urar gwaji? Shi ya sa nake cewa wani kaso na kuɗin gwamnati dole ya tafi ga hukumar ba da shaida, a horar da mutanenta, a biya su da kyau, a kuma raba ta da masu ƙera jirgin. Gwamnatin da ita ce mai jirgi, ita ce mai kuɗi, ita ce kuma mai sa hannu, sai ta yi da gaske kafin ta iya ce wa kanta a'a.

To yaya ake yi daidai? Brazil ce misalin da nake so, don ba mai arzikin a zo a gani ba ce lokacin da ta fara. Ba da jirgi ta fara ba. Da makaranta ta fara: cibiyar koyar da injiniyan jiragen sama ta ITA da aka kafa a 1950 bisa ƙoƙarin Casimiro Montenegro Filho, tare da cibiyar bincike a gefenta a garin São José dos Campos. Aka shekara 18 ana yaye injiniyoyi kafin jirginsu Bandeirante ya tashi a 1968, sannan aka kafa kamfanin Embraer a 1969 ƙarƙashin Ozires Silva. Ka lura da zaɓin da suka yi. Ƙaramin jirgi ne mai farfela biyu wanda bai wuce kujera 21 ba. Ba su ce sai sun ƙera inji ba, sun sayo na Pratt & Whitney daga Kanada. Rundunar sojin saman ƙasar ta yi odar 80 don layin ƙira ya tsaya da ƙafarsa, aka kuma ba kamfanoni damar juya wani ɗan kaso na harajinsu zuwa hannun jarin Embraer. Sun nemi takardar hukumomin ƙetare, suka samu ta Amurka a 1978, aka ƙera kusan 500. Sun yi tuntuɓe su ma: jirgin CBA-123 da suka yi da Ajantina ya yi tsada har ba mai saye, kamfanin ya kusa durƙushewa, aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1994. Ya farfaɗo ne da ERJ-145 saboda mutanen da aka shekara 40 ana rainonsu suna nan.

Akwai rabon aiki da ƙasashen da suka daɗe suka gano. A ma'aunin nunar fasaha mai hawa 9 da NASA ta fito da shi, matakan ƙasa, inda ake neman sanin ko abu zai yiwu, nauyin gwamnati ne kusan gaba ɗaya, ta hannun jami'o'i da cibiyoyi irin su ONERA a Faransa da DLR a Jamus. Matakan tsakiya, inda ake gwada fasaha a yanayi mai kama da na gaske, a nan ake raba kuɗi da kamfanoni, kamar yadda shirin Clean Aviation na Tarayyar Turai yake yi da yuro biliyan 1.7 na jama'a, masana'antu su kawo nasu. Matakan sama, wato ƙera abin sayarwa, kamfani ne ya kamata ya sa wuyansa. Idan gwamnati ta shiga nan, to da sharaɗi: yarjejeniyar Amurka da Turai ta 1992 ta ƙayyade rancen ƙaddamarwa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ƙira, a kuma biya cikin shekara 17. Rancen A320 ya dawo da riba. A380 kuwa an daina ƙera shi a 2021 bayan guda 251, bai mayar da kuɗin ƙirarsa ba. Abin da aka yi a cibiyarku shi ne an kwashe kuɗin matakin ƙasa an ɗora a matakin ƙoli, alhali babu tsanin da zai kai can.

Ba ina cewa gwamnati kada ta taɓa yin kasada ba. A 1971 Rolls-Royce ya karye saboda injin RB211, bayan ruwan fankar da aka yi da zaren kabon ya faɗi gwajin bugun tsuntsu aka koma titaniyam. Gwamnatin Birtaniya ta karɓe kamfanin, kuma daga wannan inji ne zuriyar injunan Trent ta fito. Ceton ya yi amfani ne domin akwai ilimi na gaske a ciki da ya cancanci a cece shi, kuma ka lura gwajin ƙasa ne ya tona aibin kafin ya kai ga fasinja. Concorde kuwa, jirgin fasinja mai gudun da ya fi na sauti, wanda Birtaniya da Faransa suka ƙulla yarjejeniyarsa a 1962, gwanin ban sha'awa ne a wajen injiniya, amma 20 kawai aka ƙera, 14 suka yi jigila, masu biyan haraji suka ɗauki asarar. Alfahari ne ya ja shi, ba kasuwa ba.

Ba na kuma cewa kada abu ya tashi. Akwai bambanci tsakanin jirgin gwada fasaha da samfurin jirgin fasinja, kuma wannan bambanci zai iya zama mafitarka. A 1972 NASA ta ɗauki tsohon jirgin yaƙi F-8 ta cire masa igiyoyin tuƙi, ta sa masa kwamfutar da aka yi wa kumbon Apollo, don ta amsa tambaya ɗaya: shin ana iya tuƙa jirgi da kwamfuta kaɗai? Ba wanda ya yi alkawarin sayar da shi. Sai a 1988 A320 ya kawo irin wannan tuƙi ga fasinjoji. Jirgin gwada fasaha yana da tambaya ƙayyadadda, da iyakar inda zai tashi, da damar faɗuwa jarrabawa ba tare da kunya ba.

Kai kuma, ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah a kan sa hannunka. Sa hannun injiniya shaida ce. Idan ka rubuta sunanka a ƙarƙashin rahoton da ya ce wannan ƙarfe zai ɗauka, kana shaida ne ga matuƙin da ba ka sani ba, da iyalinsa, da mutanen da gidajensu ke ƙarƙashin hanyar jirgin. Wanda ya matsa maka yau ba zai tsaya tare da kai a gaban kwamitin bincike ba, ba kuma zai tsaya tare da kai ranar hisabi ba. Dukiyar da aka ware ta jama'a ce, amana ce, kuma kashe ta don a burge mutane na yini ɗaya cin amana ne ko da babu wanda ya saci kwabo. Masu cewa ba ka da kishi su sani cewa kishin da ya fi ƙarfi shi ne na wanda ya ƙi yarda a kashe ɗan ƙasarsa don a ɗauki hoto.

Kada ka tsaya a magana cikin taro, domin maganar baki iska ke kwashewa. Ka rubuta takarda gajera, ba zafin rai a cikinta, ka aika ta hanyar da ofis ya tanada, ka ajiye kwafi mai kwanan wata. Ka jera gwaje-gwajen da ƙa'idar shaida ta wajabta kafin mutum ya hau, wanne kuke iya yi yanzu, wanne ba ku iyawa sai da na'urar da aka soke, da abin da zai ci idan aka kai shi ɗakin gwaji na waje. Sau da yawa wannan adadi na ƙarshe shi ke sa mai riƙe da kuɗi ya sake tunani. Ka nemi a sanya hukumar ba da shaida cikin shirin tun yanzu, a amince a rubuce kan ƙa'idar da za a bi. Ka ba da shawarar a mayar da abin da zai tashi cikin shekara biyun jirgi marar matuƙi, ƙarami, mai amsa tambaya ɗaya ko biyu, ta yadda shugabanni za su samu abin nunawa ku kuma ku samu bayanai. Ka nemi wasu daga sashen karkarwar fiffike da na manhajar tuƙi su sa hannu tare da kai, don kada a mayar da maganar ta mutum ɗaya. Idan duk da haka aka kawo maka takardar izinin tashi ba tare da sakamakon gwajin nauyi na fiffike da ganga ba, ka mayar da ita ba sa hannu, ka rubuta dalilinka a jikinta.